Ranar da Katafila Ya Ce Ba Zai Iya Ba

Katafila ba shi da takardar komai. Bai yi karatun likita ba, bai yi na jinya ba, ko allura bai iya ba. Abin da Allah ya ba shi baya ne da kafaɗa da hannu mai faɗin faranti, kuma da su ya ci abinci a asibitin nan shekara ashirin da 'yan kai. Aikinsa turi. Ya ɗauko majiyyaci daga gadon kwanciya ya ɗora shi a gadon taya, ya tura shi ɗakin hoto ko ɗakin tiyata, ya jira, ya dawo da shi ya kwantar. Duk wanda ya ce wannan ba aiki ba ne, to bai taɓa ɗaga ƙaton mutum da ya saki jiki ba.

Shigarsa asibitin ma ba ta ƙofar ofis ba ce. Lebura ne a lokacin, ana ƙara bene a ɓangaren maza, yana hawa da buhun siminti a ka. Wata safiya motar haya ta ci burki a bakin ƙofa da wani ɗan kasuwa mai ƙiba da ya yanke jiki ya faɗi a shago. 'Ya'yansa suna ta kururuwa, mai gadi ya ruga neman keken marasa lafiya, ya dawo da wanda taya ɗaya ta fita. Shi kuwa gogan ya dire buhunsa, ya kaɗe hannu a wando, ya sunkuya ya sungumi mutumin, ya haye da shi bene bai tsaya shan iska ba. Sistar da ke kula da ɗakin maza ta bi shi da kallo baki buɗe, ta ce, "Wannan mutum ne ko katafila?" Ba a jima ba aka ba shi riga mai ruwan ƙasa irin ta masu turi. Sunan kuwa ya bi shi har gida, 'ya'yansa ma a makaranta 'ya'yan Katafila ake ce musu.

Wanda ya koya masa aikin Dogo ne, babban masu turi, siririn mutum mai tsawo da ya ba shi shekaru masu dama. Dogo ne ya nuna masa cewa ƙarfi kaɗai ba ya ɗaga mara lafiya. Sai ka fara gaishe shi, ka faɗa masa inda za ku. Ka yafa tawul a kafaɗa saboda gumi da amai. Ka dafa gwiwarka a gefen gado, ka sunkuya ka ce, "Baba, rungume wuyana kamar kana jin haushina." In ya yi dariya tsoro ya sake shi, kai kuma sai ka ɗaga a cikin dariyar, kafin ya ankara yana kan gadon taya. Katafila ya riƙe wannan karatu kam. Yana ƙaunar Dogo ƙauna ta gaske, Yaya Dogo yake ce masa, kuma ko shayi ba ya kurɓa sai ya miƙa masa kofin farko.

Masu turi suna da wani benci a ƙarƙashin matakala, kusa da inda ake jingine tukwanen iskar numfashi. Nan suke zama jiran a ƙwala musu kira. Bencin nan yana da dokarsa, ba a rubuce take ba amma ta fi ta ofis ƙarfi: namiji ba ya kiran ɗan'uwansa ya kama masa, kuma ba ya cewa bayansa yana ciwo. Wanda tsautsayi ya sa bakinsa ya kuɓuce ya ce "wash, bayana," to ya shiga uku. Amarya za a yi ta kiransa, a share masa wurin zama, a tambaye shi ko a dafa masa ruwan zafi a gasa masa jiki. Mai jan ragamar wannan tsiya shi ne Rediyo, wani gajeren mai turi da bakinsa ba ya mutuwa tun safe har a tashi.

To amma ina ruwan baya da dokar benci? Ciwonsa yake yi. Sai masu turi suka samo dabara. In ka ga ɗayansu ya shigo da safe yana tafiya a karkace, hannu a ƙugu, ka ce masa, "Lafiya?" amsa ɗaya ce: "Katifar nan tawa ce, ta lotsa." Sauran su gyaɗa kai cikin jimami, wani ya tsine wa masu yin katifar zamani, wani ya ba da shawarar a juya ta. Kai ka rantse duk katifun duniya a kan masu turi suka haɗa baki. Kowa ya san ƙarya ce, kowa kuma ya san ɗan'uwansa ya sani.

Matar Katafila mai ɗinki ce, kekenta yana bakin tagar ɗaki. Da ta gaji da jin zancen katifa sai ta daure ta sayo sabuwa. Zance bai mutu ba. Bayan wani lokaci ta sake sayo wata mai tauri, irin wadda masu shago suke rantsuwa da ita. Ƙarshenta katifu suna jingine a bango, maigida yana kwana a kan sumunti da zanin gado, wai zafi ya yi yawa. Ta dube shi, ta dubi katifun, ta koma kan kekenta ba ta ce uffan ba.

Ana haka sai sabuwar doka ta fito. Wani jami'in ƙungiyar ma'aikata ya zo har bencin ya yi musu bayani. Ya ce daga yanzu, a duk inda ake jinya, ba a yarda ma'aikaci ya ɗaga babban mutum shi kaɗai ba. Ko dai su biyu, ko kuma da inji. Wanda ya ƙi ɗagawa shi kaɗai ba a isa a kore shi a kan haka ba. Wanda kuma aikin ya lalata wa baya, asibiti ne zai yi jinyarsa, ya kuma ci gaba da riƙe shi a matsayin ma'aikaci.

Katafila ne ya fi kowa dariya. Ya buga cinya ya ce, "Dokar ragwaye! Malam, kafin na biyun ya gama ɗaura takalmi ai na kai mutum ɗakin hoto na dawo."

Bencin ya ɗauki shewa. Jami'in ya tattara jakarsa ya tafi yana girgiza kai.

Shi kuwa manajan asibitin, wanda ake kira Mai Makullai saboda tarin makullan da ke kacau-kacau a ƙugunsa, ba ya dariya da doka. Ya san ta, ya kuma san yadda ake zagaye ta. Ya sa aka manna sanarwa mai sheƙi a kowane bango. Ya sayo injin ɗaga majiyyaci guda ɗaya tak, mai ƙugiya da wani ƙyalle kamar majanyin goyo, ya kulle shi a sito da ledarsa. Ya raba masu turi bibbiyu, amma abokin ɗagawar Katafila can aka kai shi ɗakin haihuwa, a wani gini daban. Bai ƙara ko mutum ɗaya ba. Ranar da masu duba aiki suka zo aka fito da inji aka goge, sannan aka kira Katafila aka tsayar da shi a gabansu.

Mai Makullai ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Mu a nan ba mu san ciwon baya ba. Ku dubi wannan, tun yana saurayi yake aikin. Ku tambaye shi."

Katafila ya turo ƙirji ya ce lafiyarsa ƙalau. Allah sarki, wawan kirki! Daɗi ya ji har kunnensa, ya ɗauka yabonsa ake yi. Bai san da shi ake toshe bakin doka ba.

Ba a yi nisa ba abin ya faɗa kan Dogo. Wata hantsi ya ɗago wani tsoho daga bandaki, shi kaɗai kamar kullum, sai wani abu ya ce ƙas a ƙasan bayansa. Bai saki tsohon ba, wannan kam a shaide shi. Ya kai shi gado ya kwantar ya gyara masa filo. Katafila ne ya tarar da shi a lungun baranda ya dafa bango da hannu biyu, gumi yana tsiyaya, leɓe ya yi fari.

"Yaya Dogo, me ya faru?"

"Rufe min baki. In ka faɗa wa wani ban yafe ba."

Dogo ya ƙarasa aikin ranar da haƙori a cije, ya tafi gida da ƙafarsa. Washegari ya kasa tashi daga kan gado. Ya yi ta fama a gida, ƙafar hagu ta fara ja. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, asibiti ya kafa kwamiti a binciki ko aiki ne ya jawo. Aka kawo Dogo a kan keke. Masu turi suka cika bakin ƙofa suna leƙe, Rediyo a gaba. Shugaban kwamiti ya tambayi Dogo me yake ganin ya jawo masa wannan ciwo. Dogo ya waiga ya ga idanun 'yan benci a kansa. Sai ya yi wani murmushin ƙarfin hali ya ce, "Yallaɓai, ni dai katifata ce ta daɗe da lotsawa."

Aka kira Katafila shaida, tunda shi ne na kusa da shi.

"Ka taɓa jin ya yi kuka da baya a wurin aiki? Ko ka taɓa ganin wani abu ya same shi?"

"Wa? Yaya Dogo? Haba, yallaɓai! Ko sau ɗaya. Namijin duniya ne, duk cikinmu ba kamarsa."

Har zuciyarsa ya ɗauka mutuncin malaminsa yake karewa. Yana ganin in aka ji Dogo jarumi ne, za a jira ya warke a mayar masa da rigarsa. Mai Makullai ya yi masa godiya har da miƙa hannu. Hukunci ya fito: ciwon gida ne da tsufa, babu ruwan aiki. Aka sallami Dogo hannu rabbana, ba jinya ba komai.

Da yamma Katafila ya zauna a bakin ƙofar ɗaki yana ba matarsa labari, kansa a ɗaure, yana cewa shi fa bai gane inda aka kwana ba, alheri kawai ya faɗa. Keken ɗinki ya tsaya cak.

Ta ce, "Baban yara, dube ni. Katifa nawa na saya maka?"

Ya kawar da kai. Ta ci gaba:

"Ka ɗauka ni makauniya ce? Kullum da safe ina kallonka ta wutsiyar ido kana rarrafe zuwa bango kafin ka iya miƙewa. Na yi shiru ne ina jira ka faɗa da bakinka. To ga inda shirun ya kai Dogo. Kun taru kun yi wa manaja aikinsa, kai kuma ka ɗaure masa ƙarshen. Gobe in kai ne a kwance, wa zai je ya yabe ka?"

Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Ya tashi ya shige ɗaki. Washegari ya nemi jami'in ƙungiyar nan da ya yi wa dariya, ya faɗa masa gaskiyar abin da ya gani a baranda. Jami'in ya ce za a iya tayar da maganar, amma sai in Dogo da kansa ya buɗe baki ya ce aiki ne ya karya shi. Katafila ya garzaya gidan Dogo. Ya same shi kwance a ƙasa, ya rame, sai dogayen ƙafafu. Ya roƙe shi har da durƙuso.

Dogo ya juya fuska bango ya ce, "In koma in yi musu kuka? Rediyo ya ce min amarya da furfurata? Tashi ka ba ni wuri."

A kan hanyar komawa ne Katafila ya rantse wa kansa: daga yau hannunsa ba zai ƙara shiga ƙarƙashin babban mutum ba sai da na biyu.

Ranar farko da ya gwada, ɗakin maza ya rikice. Sista ta kira shi ya kai wani mai karaya ɗakin hoto. Ya zo da gadon taya, ya gaishe da majiyyaci, ya yafa tawul, sannan ya harɗe hannu ya tsaya.

"Me kake jira?" in ji Sista.

"Na biyu, Sista."

"Na biyun wa? Katafila, ba na son wasa da safen nan."

"Ga shi can a bango kun manna. Ba ni na rubuta ba."

Sai da aka aika ɗakin haihuwa aka kira abokin ɗagawarsa, ya zo yana ƙunƙuni. Haka aka yi a majiyyaci na gaba, da na gaba da shi. Aiki ya riƙa cushewa, likitoci suna faɗa, 'yan jinya suna harararsa. A benci kuwa sai abin da ya manta. Yana dosowa Rediyo zai miƙe ya kaɗe wuri da hularsa: "Ku matsa, ku matsa, ga amarya! A dafa ruwan ne, ranki ya daɗe?" Mutanen da ya koya wa riƙon tawul su ne suke tuntsira dariya. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ya daina shan shayi a can. Amma duk wanda ya tambaye shi dalili, amsa ɗaya yake bayarwa: "Doka ce." Maganar bayansa kuwa har yanzu ko da wasa bai furta ba.

Mai Makullai ya kira shi ofis, bai ko ce ya zauna ba.

"Na san dokar ta hana ni korarka saboda ƙin ɗagawa, ba sai wani ɗan ƙungiya ya karanta min ba. Amma ka buɗe kunne. Ranar da wani majiyyaci ya cutu saboda tsaiwarka, wannan sakaci ne, kuma babu dokar da ta rufa wa sakaci asiri. Ranar za ka ajiye min rigata. Kafin nan, jeka ka tura kayan wanki."

Haka Katafila, wanda yara a ɗakin jinya suke leƙowa su ga damtsensa, ya koma tura kwandon zannuwan gado masu zarni daga bene zuwa ɗakin wanki. Yana tsoro, kada wani ya ce ba ya tsoro. Yara suna makaranta, ɗinki ba ya riƙe gida, kuma wa zai ɗauki mutum mai shekarunsa da ba shi da takarda? Amma ya cije.

Sai ga shi wata safiya an kawo Dogo asibiti. Ƙafafun duka biyu sun mutu, fitsari ya daina tsayawa. Aka kwantar da shi a ɗakin maza, a gadon kusa da taga, ɗakin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗaga mutane a ciki. Likita ya duba shi, fuskarsa ta canja, ya ce a kai shi ɗakin hoto yanzu-yanzu, in aka yi jinkiri ƙafafun ba za su dawo ba. Sista ta leƙa benci, wayam, an yi haɗarin mota kowa yana can bakin ƙofar gaggawa. Ta ga Katafila yana wucewa da kwandonsa ta riƙo rigarsa.

"Don girman Allah, yau dai ka ajiye taurin kan nan. Yayanka ne."

Ya janyo gadon taya ya shiga. Kafin ya isa taga ya ji kacau-kacau a bayansa. Labari ya kai ofis, Mai Makullai ya hawo da kansa, ya tsaya a tsakiyar ɗaki hannu a aljihu.

"To, malam mai doka," in ji shi, "ga abokinka, likita ya ce gaggawa ce. Kowa shaida ne. Bari mu gani."

Majiyyata suka ɗago kai, 'yan jinya suka bar abin da suke yi. Dogo ya dubi Katafila da idanu da suka faɗa, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ƙanena, ɗauke ni mu tafi. Mutane suna kallo."

Kuma sai ya ɗago hannayensa biyu, ramammu, ya miƙa su wajen wuyan Katafila, daidai yadda shi ya koya masa a sa majiyyaci ya yi. Wallahi gwiwar Katafila da kanta ta tafi gefen gado. Hannun damansa har ya taɓa zanin. Nauyin me Dogo yake da shi yanzu? Da hannu ɗaya ma zai kai shi. Ɗagawa ɗaya, aikinsa ya tsira, Dogo ya isa ɗakin hoto, kowa ya huta. Daga nan kuma Mai Makullai zai samu abin faɗa har abada: kun gani, da ma yana iyawa.

Ya janye gwiwar, ya miƙe tsaye.

Hannayen Dogo suka tsaya a sama. Ya ce, "Kai kaɗai ba za ka iya ba?"

"Ba zan iya ba, Yaya Dogo."

Ya gyara murya, ya juyo ya fuskanci ɗakin, ya ɗaga ta yadda har na baranda za su ji.

"Ba zan iya ba! Bayana yana ciwo! Ya yi shekaru yana ciwo, da rarrafe nake tashi kullum, katifata kuma lafiyarta lau. Wannan bawan Allah da kuke gani, a ɗakin nan bayansa ya karye, yana ɗauke da tsohon wani. Da idona na gan shi ya dafa bangon can. Ƙarya na yi wa kwamiti!"

Hawaye suna zuba, bai ko share ba. Mai Makullai ya ce, "Kana ɓata lokacin majiyyaci. In ba za ka iya ba, cire rigar."

"Rigar tana jikina, yallaɓai, ba inda za ta. Lokaci kuwa kai kake ɓata shi. Makullin inji yana ƙugunka. In sito ya yi maka nisa, cire kwat ka kama ƙafafu, ni in kama kafaɗa. Mutum biyu aka ce, ba a ce sai mai riga ruwan ƙasa ba."

Wani tsoho a gadon ƙarshe ya ce, "Af! Ai kuwa gaskiya ne." Mai Makullai ya dubi Sista, Sista ta dubi ƙasa. Bai cire kwat ba, bai kuma taɓa makulli ba.

A bakin ƙofa kuwa Rediyo ne tsaye da keken da ya dawo da shi babu kowa a kai. Tun yaushe yake wurin, oho. Yau dai bakin ya mutu murus. Ya jingine keken, ya tako a hankali, ya wuce manaja kamar bai gan shi ba, ya tsaya a ƙafar gado. Ya ciro tawul ya yafa. Bai kalli kowa ba ya ce, "Nawa ma yana yi. Tun kafin in aurar da babbar 'yata." Sannan ya zura hannu ƙarƙashin gwiwoyin Dogo ya ce, "Kama can, Katafila."

Katafila ya sunkuya. Ya ce, "Yaya, rungume wuyana kamar kana jin haushina."

"Ai ina ji," in ji Dogo.

Suka ɗaga tare. A tsakanin gado da gado, da jikin Dogo ya bar katifa, ciwon ya soke shi, abin da ya danne tsawon shekaru ya ƙwace.

"Wash, bayana! Wayyo bayana! Aikin nan ya karya ni, ya karya ni!"

Babu wanda ya yi dariya. Sista ta juya wajen likita ta ce, "Likita, ni dai na ji."

Likita ya ce, "Ni ma na ji. Ku yi sauri."

Suka tura shi da gudu, Katafila a kai, Rediyo a ƙafa. Dogo ya janyo tawul ɗin da ke kafaɗar Katafila ya rufe fuskarsa da shi, ƙirjinsa yana hawa da sauka har suka isa ɗakin hoto.

Kada a ɗauka daga nan duniya ta gyaru. Ƙafa ɗaya ce ta dawo wa Dogo, ɗayar sai a hankali. An tayar da maganarsa, ƙungiya da asibiti suna ta ja, har yau ba a gama ba. Inji ya fito daga sito, amma guda ɗaya ne ga bene uku. Shi kuwa Katafila tun kafin azahar ta wannan rana aka dakatar da shi daga aiki, wai ya yi wa shugaba rashin kunya a gaban majiyyata. Ya sha zaman gida kafin a mayar da shi, kuma har gobe in aka kira shi bakin gado sai ya harɗe hannu ya jira na biyu.

Ranar da aka dakatar da shi bai tsaya roƙon kowa ba. Ya wanke hannu, ya sauko matakala a hankali yana dafa ƙarfe, ya wuce benci. Ya nufi ƙofar fita yana tafiya a karkace, hannu a ƙugu, rana tsaka, bai damu da wanda ke kallo ba. Mai gadi, wanda bai san abin da aka yi a sama ba, ya buɗe masa ƙofa yana murmushi.

"A'a, Katafila, yau da wuri haka? Katifar ce kuma?"

Katafila ya tsaya ya dube shi.

"Katifata ba ta yi min komai ba, Baba. Bayana ne."